Fadil a Bayan Sitiyarin 350Z: Yadda Aiki Ya Ɓaci a Katsina da Yadda Aka Ɗinke Shi

Motar Nissan 350Z ce ƙirar 2006, mai kujera biyu, 'yar Kwatano wadda ta fara rayuwarta a Amurka. Injinta V6 ne mai lita 3.5, wanda kamfanin ke kira VQ35DE, ƙarfinsa doki 287, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Giyabos ɗinta otomatik ne mai giya biyar, ƙirar Jatco. Mai ita matashi ne ɗan kasuwa a cikin birnin Katsina, irin waɗanda in sun fito da yamma suka bi ta Ƙofar Ƙaura sai an waiga.

Motar ta zo da hanyar canza giya da hannu tun daga kamfani. Direba ya ture sandar giya daga D zuwa gefe, in ya tura gaba ta ƙara giya, in ya ja baya ta rage, lambar giyar kuma ta fito a dashbod. Abin da ba ta zo da shi ba shi ne fadil, wato 'yan maɓallai biyu masu faɗi da ke bayan sitiyari, na dama a ƙara giya, na hagu a rage, hannu bai bar sitiyari ba. Nissan ba ta taɓa sa su a 350Z ba. Sai da magajiyarta 370Z ta fito a 2009 da giya bakwai aka fara samun su a wannan jerin. Shi kuwa mai motar ya gan su a Marsandin wani abokinsa, tun daga nan hankalinsa bai kwanta ba.

Sha'awar tana da asali. A tseren Formula 1 aka fara abin, a 1989, a motar Ferrari 640 wadda John Barnard ya tsara, kuma Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Barazil. A 1997 Ferrari ta sauko da shi kan titi a F355. Yau har Honda Accord ta kai yara makaranta ana samun ta da fadil. Saboda haka wanda ke da motar gudu ta gaske, ya ga babu su a tasa, dole ya ji an rage masa wani abu.

Kuɗin farko a banza ya tafi. Ya yi odar wasu fadil jajaye na alminiyom ta intanet, da suka iso sai aka ga babu waya a jikinsu ko ɗaya, gam ne kawai a baya. Waɗannan ƙari ne da ake mannawa a kan fadil ɗin da mota ta riga ta zo da su don su yi tsawo. Mutane da dama sun faɗa wannan ramin, don hoton talla ba ya nuna bambanci. A karo na biyu ya samo masu makunni a ciki, da wayoyi.

Inda wahalar take

Kafin a shiga labarin mai wayarin na farko, sai an fahimci abu ɗaya, don a kansa komai ya rataya. Sandar giyar nan in an ture ta gefe, ba ta taɓa wani ƙarfe a cikin giyabos. Makunni ne kawai a gindinta. In ka tura gaba, waya ɗaya ta haɗu da at, wato ƙarfen jikin mota da wuta ke komawa ta cikinsa, kwamfutar giya ta ji an ce "ƙara". In ka ja baya, wata wayar ta haɗu da at, ta ji an ce "rage". Daga nan ita ke yanke hukunci, ta duba gudun mota da juyin inji, in ta yarda ta canza, in ba ta yarda ba ta yi biris da kai. To fadil ma makunni biyu ne da za su yi wannan maganar daga wani wuri. A takarda aikin bai wuce jan wayoyi uku ba.

Matsalar ita ce sitiyari yana juyawa, mota kuwa tana tsaye. Duk wutar da za ta shiga sitiyari ko ta fito daga cikinsa, ta hanya ɗaya take bi: wani faifan roba a bayansa da masu gyara ke kira kulok sifirin. A cikinsa akwai waya shimfiɗaɗɗiya mai layuka, a nannaɗe kamar tef ɗin tela, tana warwarewa tana naɗewa yayin da ake murza sitiyari. Layukan a ƙirge suke. Akwai na jakar iska mai kumbura ta tare direba in an yi karo, akwai na hon, akwai na kurus mai riƙe gudu, akwai na maɓallan rediyo. Kamfani bai bar wa fadil gurbi ba, tunda bai yi niyyar sa su ba. Tsawon wayar ma a ƙirge yake, wajen zagaye biyar gaba ɗaya, biyu da rabi kowane gefe in an ɗaura ta a tsakiya. Sitiyarin motar daga ƙarshe zuwa ƙarshe bai kai zagaye uku ba, don haka in an ɗaura daidai akwai rara. In aka ɗaura a karkace da zagaye biyu, ranar da aka murza sitiyari har ƙarshe wayar za ta tsinke.

Aikin farko

Mai wayarin na farko sa'an mai motar ne, yaro mai hannu, ya ƙware a sa rediyo da fitilu da kyamarar baya. Ya dubi abin ya ce, "Oga, wannan ai aikin yini ɗaya ne. Kurus ɗin nan kana amfani da shi?" Mai mota ya ce bai taɓa dannawa ba. Shi ke nan, sai ya yanke wayoyin kurus sama da ƙasa, ya ari layukansu, ya jona fadil a sama, ya ja waya daga ƙasa zuwa gindin sandar giya. At kuwa ya ɗauko daga ƙarfen da ya fi kusa. Dabarar aron layi ba hauka ba ce, ana yin ta a wurare da yawa. Amma garin neman layukan ya cire kulok sifirin daga mazauninsa, yaransa suka yi ta juya shi a hannu suna kallo, aka mayar ba tare da an nemo tsakiyarsa ba.

Ranar fadil suka yi aiki, aka yi ta murna. Bayan 'yan kwanaki mai mota ya zo juyawa a wani lungu, ya murza sitiyari har ƙarshe, ya ji wani ɗan ƙas a bayansa. Hon ya mutu, maɓallan rediyo suka mutu, fadil suka mutu, jar fitilar jakar iska ta fara ƙiftawa a dashbod.

A nan ne kuskure ya zama ganganci. Maimakon a sayo wani kulok sifirin, sai mai wayarin ya jawo wayar sifika ta waje, ya yi mata naɗi sakwa-sakwa a wuyan sitiyari, ya jona fadil da ita. Hon ya mayar da shi wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin dashbod. Fitilar jakar iska kuma ta mutu, mai mota bai tambayi yadda aka yi ba, shi dai ya ga ja ya ɓace.

Abin da ya kai motar gareji na biyu ya faru ne a hanyar Daura, gab da Mashi. Yana tafe a giya ta huɗu, sanda tana gefe, ya ɗan karkata sitiyari zai kauce wa rami, sai mota ta sauke kanta zuwa ta uku ba wanda ya taɓa komai. Inji ya yi kuka, mota ta yi kamar an riƙe ta ta baya. Titin a bushe yake, shi ya taimaka. Motar da tayoyin baya ke turawa, in ta sauke giya ba shiri a kan yashi ko a kan jiƙaƙƙen titi, bayanta na iya gocewa.

Abin da aka tarar

Na biyun dattijo ne, ya daɗe a harkar lantarkin mota, yana da sikana, na'urar da ke karanto matsalolin da kwamfutar mota ta ajiye, kuma ya iya karanta zanen wayoyi. Ya fara da sikana. Ɓangaren jakar iska bai nuna komai ba, tsaf. Ɓangaren giya ya nuna P1815, lambar da Nissan ke bayarwa in kwamfuta ta ji saƙon da ba zai yiwu ba daga makunnan sandar giya, misali sanda tana D amma ana cewa "rage". Wannan ya nuna masa fadil suna magana ko da ba a lokacinsu ba. Hon da aka sauya wa gida kuma ya sa ya ƙi yarda da tsaftar da sikana ta nuna.

Ya kashe mota, ya cire kan batir, ya ce kowa ya dakata. Littafin gyaran Nissan ya ce a jira aƙalla minti 3, saboda kwamfutar jakar iska tana riƙe wuta a cikinta don ta iya aiki ko da batir ya fashe a haɗari. Ya kwance jakar daga sitiyari, ya ɗauke ta fuskarta ba ta kallon ƙirjinsa, ya ajiye a kan benci tambarin Z yana kallon sama, ya hana yara zuwa wurin. Da aka cire robar wuyan sitiyari, sai ga wayar sifika ta goge a jikin ƙarfe, jan ƙarfenta a fili yana ƙyalli, faɗin bai fi ƙwayar shinkafa ba. Tunda saƙon giya haɗuwa da at ne, duk lokacin da wannan wurin ya taɓa ƙarfe, kwamfuta ji take direba ya ce a rage.

Can ƙasa kuma ga soket mai ruwan ɗorawa, launin da kamfanoni ke ware wa wayoyin jakar iska don kada a taɓa su. An zare shi daga kulok sifirin, an cusa masa 'yan ƙananan resista, wato 'yan kayan lantarki masu rage gudun wuta, an naɗe da baƙin salatif. Abin da ke tayar da jakar iska ɗan siririn abu ne mai juriyar wajen om 2, kuma kwamfuta kullum tana auna shi. In layin ya yanke, sai ta kunna fitila ta ajiye lamba irin B1049. In aka sa mata resista mai wannan awon, sai ta ɗauka jakar na nan lafiya. Makonni mai motar yana zuba gudu a hanyar Daura da ta Kano, jakar da ke gabansa ba ta jone da komai, dashbod kuma yana ce masa lafiya lau.

Dattijon ya ɗaga soket ɗin ya nuna masa. "Ɗana, ka san mi ne ne wannan?"

"A'a, Baba."

"Wanda ya yi maka wannan, fitila ya gyara. Da ka daki wani abu, da sitiyarin za ka gaisa."

A ganina yaron farko bai yi don mugunta ba. Abin da kasuwa ta koya masa ke nan: mai mota yana biyan kuɗi ne a kashe masa fitila, ba ya tambayar abin da fitilar ke faɗa. Motocin Kwatano da yawa ma da irin wannan resista suke shigowa, an yi haɗari da su a can, jaka ta fashe, an ɗinke murfin an rufe bakin kwamfuta. Amma sanin dalili bai rage nauyin abin ba, don wanda ke zaune a bayan sitiyarin bai san an yi masa wannan cinikin ba.

Hanyoyin da aka auna

Mai mota har yanzu yana son fadil ɗinsa, kuma Baba bai ce masa ya haƙura ba. Sun zauna a kan benci suka bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Za a iya sake aron layin kurus, a wannan karon da tsafta, amma an rasa kurus ke nan, kuma duk mai gyaran da ya zo daga baya zai tarar da wayoyin da ba su dace da zane ba. Akwai masu cusa saƙon fadil a kan layin maɓallan rediyo ta hanyar resista daban-daban, su sa wani ɗan akwati a ƙasa yana rarrabewa. Yana aiki, sai dai ranar da akwatin ya lalace babu mai gyara shi a Katsina. Akwai kuma marasa waya, masu aika saƙo ta iska da ɗan batir irin na agogo. Baba ya ce bai yarda da abin da batirinsa zai iya mutuwa ana tsakiyar wuce tirela ba, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, balle cikin motar da aka rufe a rana.

Shawararsa ita ce kada a tsallaka kulok sifirin kwata-kwata. A kafa fadil a wuyan sitiyari, wurin da ba ya juyawa. Mai mota ya ɗan ɓata fuska, don shi a saninsa fadil na gaske tare da sitiyari suke juyawa, kamar na Marsandi da BMW. Sai aka nuna masa cewa Ferrari da Lamborghini a wuya suke kafa nasu. Nissan kanta haka ta yi a 370Z da Infiniti G37, haka GT-R ta kasance har zuwa ƙirar 2017 da aka mayar da nata kan sitiyari. Kowane tsari da amfaninsa. Masu juyawa suna bin yatsunka muddin ba ka saki sitiyari ba, amma a shataletale ko a lungu, in sitiyari ya kife, na dama ya koma hagu, sai ka tsaya tunani. Kafaffu kullum suna inda ka bar su, shi ya sa ake yin su dogaye. Jin sunan Ferrari ya kashe gardamar fiye da duk bayanin lantarki.

Aiki na biyu

An fara da mayar da motar yadda kamfani ya yi ta. Aka samo kulok sifirin na Kwatano daga Ƙofar Ruwa a Kano. Baba ya auna layukansa ɗaya bayan ɗaya da mita yana juya shi a hankali, a kan tebur, ba a jone da komai ba. Wannan sharaɗi ne, don mita tana tura 'yar wuta cikin abin da take aunawa, kuma ba a ɗora ta a kan jakar iska. Ya miƙe tayoyin gaba, ya juya faifan har ya ji ya tsaya ba tare da ya tilasta ba, ya dawo da shi wajen zagaye biyu da rabi har alamominsa suka haɗu, ya manne da salatif kada ya motsa kafin a ɗora sitiyari. Aka cire resista, aka mayar da soket mai ruwan ɗorawa, aka haɗa wayoyin kurus da dalma, hon ya koma gidansa.

Fadil ɗin na Infiniti G37 ne, daga Ladipo a Legas aka aiko su, na maganiziyom, dogaye. Ba su da mazauni a wuyan 350Z, sai da mai walda ya lanƙwasa ɗan ƙarfe aka ɗaure su a kai, aka yanka robar wuyan aka ba su hanya. Wannan ya fi komai cin lokaci. In sun matso gaba, yatsu na bugunsu yayin murza sitiyari. In sun ja baya, sun tokare sandar sigina da ta waifa. An ɗaura an kwance har aka samu tazarar da yatsa ke wucewa.

Wayoyi kuwa, nan Baba ya yi abin da ya bambanta shi da na farko. Bai ba fadil at daga ƙarfen mota ba. Ya nemo wayar da ba ta samun at sai an ture sanda gefe, ya ɗauko daga nan. Saboda haka in sanda tana D, fadil matattu ne, ko yaro ya ja su kwamfuta ba ta ji ba, P1815 kuma ba ta da hanyar dawowa. Wayoyin ya sa su cikin bututun roba, ya ɗaure nesa da duk abin da ke motsi. Da aka mayar da batir, ya kunna makulli yana tsaye a waje, hannu kawai ya miƙa. Fitilar jakar iska ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu da kanta, yadda ya kamata.

Bayan an gama

Fadil suna aiki, sandar giya ma tana aiki, kowanne aka taɓa mota ta amsa. Amma mai motar ya dawo da ƙorafi biyu.

Na farko, a Marsandin abokinsa ko ana D in ka ja fadil mota na amsawa, bayan ɗan lokaci ta koma otomatik da kanta. Tasa sai ya ture sanda tukuna. Wannan ba shi da magani ta hanyar waya, don a cikin manhajar kwamfutar giya yake, ita kuwa ta 350Z ba a rubuta mata shi ba.

Na biyu ya fi ci masa rai. Yana jan fadil, sai an ɗan yi jim kafin giya ta shiga. Shi ya zaci zai ji ta shiga nan take kamar a bidiyon da yake kallo. Waɗancan motocin yawancinsu masu kuloci biyu ne, irin tsarin da Volkswagen ta fito da shi a Golf R32 a 2003, inda giya ta gaba ke jira a shirye. Tasa kuwa da matsin mai take canza giya, kuma wannan jinkirin yana nan tun yana amfani da sanda. Tafiyar hannu daga sitiyari zuwa sanda ce ke ɓoye shi, yanzu da yatsa ke yin aikin sai ya fito fili. Abin da aka iya yi shi ne duba man giya, aka tarar ya yi duhu. Wannan giyabos ɗin Matic J kamfani ya ce a zuba masa, daga baya Matic S ya maye gurbinsa, ba kowane jan mai na bakin titi ba. Da aka canza, shigar giya ta yi laushi, jinkirin ya ɗan ragu, bai tafi ba.

Ƙasar Katsina shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa da gangara masu lanƙwasa da za a ce ana wasa da giya a kansu. Inda fadil suka yi masa rana shi ne wuce manyan motoci: ya sauke zuwa ta uku tun yana bayan tirela, hannu biyu a kan sitiyari, hanya na buɗewa ya fita, ba sai ya take totur ya jira giyabos ta farga ba. Sai kuma shiga garuruwan kan hanya, inda yake rage gudu da inji kafin ya kai tudun kan titi. A cikin gari, tsakanin 'yan Keke Napep da babura, D yake barin ta. In ya yi gangancin neman giya ta biyu a gudun da inji ba zai ɗauka ba, kwamfuta ƙi take, in kuma ya tsaya a danja ya manta, da kanta take komawa ta ɗaya.

Kuɗin kulok sifirin da na gyaran ɓarnar farko sun fi kuɗin fadil ɗin da ɗaurinsu. Kurus ɗin da aka ce ba shi da amfani, yanzu da ya dawo, shi yake kunnawa a hanyar Kano. Kafin ya tafi Baba ya zana masa wayoyin da aka ƙara a bayan wata takardar rasit, da launin kowace da inda ta shiga, ya ce ya ajiye tare da takardun mota saboda mai gyara na gaba ko wanda zai saya.